Tambayoyi da Amsoshi Kan New Moon, Littafin da Ya Raba Kan Masoyan Twilight

A cikin littattafai huɗu na labarin Twilight, na biyun, wato New Moon, na cikin waɗanda aka fi jayayya a kansu ba tare da an cimma matsaya ba. Wasu na cewa shi ne mafi gundura, wasu na cewa shi kaɗai ne ya faɗi gaskiya game da zuciyar mutum. Ga tambayoyin da masu karatu suka fi yi, da amsoshinsu. Gargaɗi tun da wuri: za a tona labarin har ƙarshensa, wanda bai karanta ba kuma ba ya son a ɓata masa, sai ya dakata a nan.

Wane littafi ne, kuma wa ya rubuta shi?

New Moon littafi ne na Turanci da marubuciyar Amurka Stephenie Meyer ta fitar a 2006, shekara guda bayan Twilight da ya fito a 2005. Kamfanin Little, Brown ne ya buga su duka. Bayansa sai Eclipse a 2007, sannan Breaking Dawn a 2008. An rubuta su ne domin matasa, musamman 'yan mata 'yan sakandare, amma iyayensu mata ma sun rungume su hannu bibbiyu. Jimillar littattafan ta haura kwafi miliyan 100 a kasuwa.

Labarin yana gudana a Forks, wani ƙaramin gari na gaske a jihar Washington, arewa maso yammacin Amurka, inda ruwan sama da hadari ba sa ɗagawa. Bella Swan, 'yar shugaban 'yan sandan garin, ta faɗa soyayya da Edward Cullen, wanda a ido saurayi ne ɗan shekara 17, alhali an haife shi tun 1901.

Su waɗannan masu shan jinin, mayu ne?

A'a, kuma wanda ya fassara su da mayu zai rikita mai karatu. Maye a fahimtarmu mutum ne mai rai, yana zaune cikin jama'a, kurwa yake kamawa, wanda aka kama ya yi ta rama har ya mutu in ba a ceto shi ba. Abin da Turawa ke kira vampire kuwa gawa ce da ta ƙi kwanciya, tana rayuwa da jinin masu rai, ba ta tsufa. Tatsuniyar ta fito ne daga gabashin Turai, Bram Stoker kuma ya yayata ta a duniya da littafinsa Dracula a 1897.

Meyer ta yi wa tatsuniyar gyaran fuska sosai. Nata masu shan jinin ba sa barci, ba sa kwana cikin akwatin gawa, rana ba ta ƙona su, sai dai fatarsu ta yi ta walƙiya kamar an barbaɗa mata lu'ulu'u. Iyalin Cullen sun haramta wa kansu jinin mutum, na dabbobin daji suke sha. Wannan walƙiyar ta jawo wa littafin ba'a iri-iri daga masoyan labaran ban tsoro, waɗanda ke ganin an mayar da dodo ɗan kwalliya.

Ɗaya ɓangaren na New Moon ya fi kusa da abin da muka sani: samari masu rikiɗa su zama kyarkeci. Duk wanda ya taso yana jin labarin mutumin da ke rikiɗa ya zama kura da dare ba zai sha wahalar gane su ba.

Me ya faru a cikinsa, a taƙaice?

Ranar da Bella ta cika shekara 18, iyalin Cullen suka shirya mata walima. Tana buɗe wata kyauta takarda ta yanke ta a yatsa, ɗigon jini guda ya fito, Jasper, ɗan'uwan Edward da bai gama sabawa da ƙauracewa jinin mutum ba, ya yi kukan kura a kanta. An tare shi, amma Edward ya yanke shawarar cewa zamansa kusa da ita halaka ne gare ta. Ya kai ta bakin daji ya gaya mata ba ya sonta, ya kwashe hotunansa da duk abin da zai tuna mata da shi, iyalin gaba ɗaya suka bar garin.

Bella ta shiga wani hali na wata huɗu, tana zuwa makaranta tana cin abinci amma kamar babu ita. Daga baya ta gano cewa duk lokacin da ta jefa kanta cikin haɗari tana jin muryar Edward a kunnenta yana yi mata faɗa. Don ta ci gaba da jin muryar, ta samo tsofaffin babura biyu ta kai wa Jacob Black, ɗan aminin mahaifinta, ya gyara. A garejin nan abota ta ƙullu, ta fara dariya kuma. Sai Jacob ya rikiɗa, ya shiga garken kyarketan da aikinsu shi ne kare ƙabilarsu daga masu shan jini.

Wata rana Bella ta yi tsalle daga kan dutse zuwa cikin teku, Jacob ya tsamo ta. Alice, 'yar'uwar Edward mai ganin abin da zai faru, ta hango tsallen amma ba ta hango ceton ba, domin idonta ba ya ganin kyarketai. Labari ya isa wa Edward cewa Bella ta mutu, ya nufi Italiya wajen Volturi, sarakunan masu shan jini, don su kashe shi. Bella da Alice suka bi shi a guje, suka iso ana saura ƙiris. Volturi suka sake su bisa sharaɗin a mayar da Bella mai shan jini, tunda ta san asirinsu. Suka koma Forks, Edward ya nemi gafara, ta yafe, Jacob ya tashi a tutar babu.

Me ya sa mutane da yawa ke cewa yana da gundura?

Saboda sun sayi littafin ne don Edward, Edward kuma ya ɓace tun babi na 3, ba a sake ganinsa ido da ido ba sai babi na 20, a littafi mai babi 24. Ka yi tunanin mai karatun da ta shekara tana jiran ci gaba, ta buɗe, aka ɗauke mata gwarzon tun kafin ta zauna da kyau. Da yawa sun yi ta tsallake shafi suna leƙen inda sunansa zai sake fitowa.

Meyer kanta ta san da wannan. Ta rubuta a shafinta cewa masu karatu kan yi ta sauri a karon farko saboda ɗokin dawowar Edward, har ba sa natsuwa su ga abin da ke faruwa tsakanin Bella da Jacob, ta kuma ba da shawarar a karanta littafin sau biyu. Masu suka suka ce littafin da sai an maimaita kafin a ji daɗinsa akwai matsala a gininsa. Ni dai a nan ina bayanta. A karatu na biyu, tsakiyar littafin ce ta fi rai. Akwai mai, akwai sifana, akwai lemon kwalba mai ɗumi a garejin Jacob, akwai mutane biyu da ke hira kamar mutane. A littafin farko kusan duk hirar Bella da Edward a kan kyawunsa ce da haɗarinsa.

Da gaske akwai shafukan da babu rubutu?

Akwai, guda huɗu, bayan tafiyar Edward. Kowane shafi kalma ɗaya ce tal a kansa: Oktoba, Nuwamba, Disamba, Janairu. Bella ce ke ba da labarin da bakinta, a waɗannan watanni kuma ba ta da abin faɗa.

Abin mamaki, wannan ne wurin da masoya da maƙiyan littafin suka fi haɗuwa. Har waɗanda ba sa ganin Meyer da gashin marubuciya sukan yarda cewa a nan ta dace. Marubuciyar da ake zargi da yawan surutu ta yi shiru daidai inda ya kamata. Duk wanda ya taɓa rasa wani, da mutuwa ko da rabuwa, ya san watannin da in an tambaye shi me ya yi a cikinsu ba zai iya cewa komai ba.

To halin da Bella ta shiga, so ne ko ciwo?

Wannan ita ce uwar gardamar, sauran duk 'ya'yanta ne.

Masu suka suna cewa: yarinya 'yar shekara 18, mai ƙoƙari a makaranta, mai uba da ke sonta, mai ƙawaye, saurayi ya tafi sai rayuwarta ta tsaya cak. Ta daina karatun littattafan da take so, ta daina sauraron waƙa, tana farkawa da ihu kowane dare. Mahaifinta Charlie ya ce zai mayar da ita wajen mahaifiyarta a Florida, ya kawo maganar ganin likita, ta ƙi. Kuɗin da ta tara don jami'a ta zuba a kayan gyaran babur. Ta tunkari wasu maza baƙi a bakin mashaya da dare, ta faɗi da babur ta fasa goshi, ta shiga daji ita kaɗai, ta yi tsalle cikin teku ana hadari, duk don ta ji muryar wanda ya gudu ya bar ta. Sannan, a cewar masu sukar, littafin ya saka mata da alheri: tsallen nan ne sanadin dawowar Edward. Wato darasin da yarinya za ta ɗauka shi ne, in kin wahalar da kanki sosai zai dawo.

Masu kare littafin suna cewa ba a rubuta shi don ya zama wa'azi ba. Bella ba abin koyi ba ce, madubi ce. 'Yan mata da yawa sun ce ba su taɓa ganin an kwatanta rabuwar farko kamar yadda suka ji ta a jikinsu ba sai a nan: ramin da Bella ke ji a ƙirjinta, yadda take rungume kanta don kada ta tarwatse. Manya kan ce wa matashi, za ka manta, yarinta ce. Littafin bai ce haka ba, ya ɗauki ciwon da muhimmanci, shi ya sa suka riƙe shi. Wasu da suka sake karantawa bayan sun girma sun ce sai a lokacin suka gane cewa abin da ake kwatantawa ciwon damuwa ne, irin wanda likitocin ƙwaƙwalwa ke dubawa, kuma an kwatanta shi daidai.

Nawa ganin, kowane ɓangare ya kama ƙafa ɗaya ta gaskiya. Kashi biyu cikin uku na littafin ya san cewa Bella ba ta da lafiya. Charlie ya sani, Jacob ya sani, Alice da ta dawo ta gan ta a rame ta sani. Hirar da Charlie ya yi da Alice a kicin, inda yake ba ta labarin makon farko da yadda ya ji kamar mutuwa aka yi a gidan, tana cikin wuraren da suka fi taɓa zuciya. Matsalar tana kashi na ukun. Da Edward ya dawo, ramin ya rufe nan take kamar ba a taɓa yin sa ba, ba a sake komawa kan tambayar me ya sa mutum zai rushe haka ba. An gano ciwon daidai, sai aka rubuta wa majinyaciya abin da ya kwantar da ita a matsayin magani.

Akwai kuma ƙorafin da ba a cika yi ba alhali ya fi nauyi: Edward ma da ya ji ta mutu, kai tsaye neman mutuwa ya tafi, labarin kuma ya nuna hakan a matsayin ƙololuwar so. Wannan wuri ne da ya kamata babba ya tattauna da matashin da ke karantawa.

Daga ina rabuwar 'yan Edward da 'yan Jacob ta samo asali?

Daga wannan littafin. A Twilight, Jacob ɗan ƙaramin yaro ne da ya fito sau kaɗan, aikinsa kawai ya ba Bella tatsuniyar ƙabilarsu don ta gane ko wane ne Edward. Meyer ta ce da farko ba ta yi niyyar ba shi wani matsayi ba, shi ne ya girma a hannunta. New Moon ya ba shi ɗaruruwan shafuka shi kaɗai, masu karatu kuma suka rabu gida biyu, Team Edward da Team Jacob, har da riguna da bajoji, abin ya ƙara ƙamari bayan fitowar finafinan.

Hujjar 'yan Jacob mai sauƙi ce: shi ne ya tsaya lokacin da ɗayan ya gudu. Jikinsa zafi ne da shi, na Edward sanyi kamar dutse. Da shi Bella za ta tsufa, ta haihu, ta ci gaba da ganin iyayenta, ba sai ta mutu ta tashi ba. 'Yan Edward kuwa suna cewa tafiyar tasa sadaukarwa ce, ya zaɓi ya wahala don ta rayu, kuma Bella ba ta taɓa ɓoye wa Jacob cewa zuciyarta na wani wuri ba. 'Yan Jacob su mayar da martani: wa ya ba shi izinin yanke mata hukunci shi kaɗai, har da yi mata ƙarya da sace mata hotuna? So hana ganin laifi.

Gaskiyar da ba a so a ji ita ce, gasar ba ta taɓa zama gasa ba. Tun daga shafin farko an san inda Bella za ta. Masu karatu ne suka ɗauki takarar da gaske fiye da marubuciyar.

Shin Bella ta ci amanar Jacob?

Da yawa na ganin ta ci moriyar ganga ta yar da kwaurenta. Ta san yana sonta, ta san ba za ta iya mayar masa ba, amma ta ci gaba da zuwa saboda kusa da shi ne kawai ciwon ke lafawa. Ita kanta ta amsa wannan a cikin labarin, ta kira kanta mai son kai. Ranar da Alice ta zo da labarin Italiya, Jacob ya roƙe ta kada ta tafi, ta shiga mota.

Amma Jacob ma ba waliyyi ba ne. Bayan ya rikiɗa ya yi ta guje mata, ya gaya mata maganganu masu zafi, a ƙarshe kuma ya kai babur ɗinta gaban Charlie don a kulle ta a gida ta kasa ganin Edward. Masu karatun da suka so shi a wannan littafin da yawa sun juya masa baya a Eclipse, inda ya sumbace ta ba da yardarta ba.

Me sunan littafin ke nufi? Ba sabon wata ba ne?

A nan mai karatu Bahaushe zai iya yin kuskure. A wurinmu sabon wata abin murna ne: an ga jinjirin wata, gobe azumi ko gobe sallah. Abin da masana taurari ke kira da wannan suna a Turanci kuwa shi ne daren da wata ya ɓuya gaba ɗaya, kafin jinjirin ya tsaya, daren da ya fi kowane duhu. Meyer ta ce wannan take nufi, lokaci mafi duhu a rayuwar Bella. Furen da ke bangon littafin kuwa, mai ja da fari da ganye ɗaya na faɗuwa, masu karatu sun yi ta fassara shi, amma ta ce ba ita ta zaɓa ba, ita agogo ta so a sa.

Mene ne haɗinsa da Romeo da Juliet?

Meyer ta gina shi a kan wasan kwaikwayon Shakespeare ɗin da gangan. Tun a babin farko Bella da Edward suna kallon fim ɗinsa. Saƙon da ya isa a karkace, masoyin da ya ɗauka masoyiyarsa ta mutu ya nemi bin ta, Italiya, duk daga can suke. Bella har ta zauna tana kwatanta Jacob da Paris, mutumin da iyayen Juliet suka so ta aura, tana tambayar kanta ko Juliet za ta iya zama da shi lafiya da Romeo ya tafi bai dawo ba.

Abin da masu karatu suka fi yi wa dariya shi ne yadda saƙon ya karkace. Edward ya buga waya gidan su Bella yana kwaikwayon muryar Carlisle, uban iyalin Cullen, Jacob ya ɗauka, aka tambaye shi ina Charlie, ya ce yana wajen jana'iza. Jana'izar Harry Clearwater ce, aminin Charlie. Edward bai tambayi ta wa ba, ya kashe waya. A zamanin Shakespeare wasiƙa na iya makalewa a hanya saboda annoba. A zamanin wayar hannu, mutumin da ya haura shekara ɗari a duniya, mai digirin likitanci, ya kasa ƙara tambaya ɗaya? Wannan ramin ko masoyan littafin ba sa iya cike shi, sai dai su tsallake.

Su wane ne Volturi, kuma me ya sa ake yabonsu?

Tsofaffin masu shan jini ne da suka shafe dubban shekaru, uku ne shugabanninsu: Aro, Caius da Marcus. Suna zaune a ƙarƙashin Volterra, wani tsohon gari na gaske a yankin Tuscany na Italiya. Dokarsu ɗaya ce, kada mutane su san da wanzuwar irinsu. Shirin Edward shi ne ya fita tsakar rana cikin taron biki ya bar fatarsa ta yi walƙiya a gaban jama'a, don ya tilasta musu kashe shi.

Ana yabonsu ne saboda su ne suka dawo da tsoro cikin labarin. Aro yana murmushi yana fara'a, yana taɓa hannunka ya karanta duk tunanin da ka taɓa yi. Jane, mai kamar ƙaramar yarinya, kallo ɗaya take yi mutum ya faɗi yana murƙususu. Bayan an sallami su Bella, suna fita suka yi kiciɓis da ayarin 'yan yawon buɗe ido da aka yaudaro ana shigar da su zauren, cikinsu har da wata mata riƙe da carbinta tana tambaya da harshen da ba mai ji. Kafin su yi nisa ihu ya tashi. Masu karatu da yawa sun ce a nan ne kaɗai suka tuna cewa abin da Bella ke roƙon a mayar da ita, ga ainihinsa.

Ƙabilar su Jacob ta gaske ce?

Ta gaske ce, kuma wannan ƙorafi ne da ya ƙara ƙarfi da shekaru. Quileute 'yan asalin Amurka ne tun kafin zuwan Turawa, mazauninsu La Push a bakin tekun Pasifik, kusa da Forks. A tarihinsu na baka akwai labarin cewa daga kyarketai aka halicci kakanninsu. Amma rikiɗa, da gaba da masu shan jini, da yarjejeniya da iyalin Cullen, duk ƙirƙirar Meyer ce, ta ɗora a kan sunan mutane masu rai. An sayar da kayayyaki da sunansu, an yi finafinai na miliyoyin daloli, ƙabilar ba ta da kaso a ciki. A 2010 gidan adana kayan fasaha na Seattle ya shirya baje koli tare da su don nuna ainihin matsayin kyarkeci a al'adarsu, gidan tarihi na Burke kuma ya buɗe shafi don rarrabe gaskiya da almara.

Masu sharhi sun kuma lura da yadda aka raba siffofi. Iyalin Cullen farare tas, masu kuɗi, masu ilimi, masu kamun kai. Samarin Quileute kuwa talakawa, masu saurin fushi, kullum ba riga. Sam, shugaban garken, ya taɓa hasala ya yage fuskar Emily, wadda zai aura, ta zauna da tabon tana dafa wa garken abinci, labarin kuma ya wuce kamar tsautsayi ne kawai. A 2006 masu karatu kaɗan ne suka tsaya a kan wannan. Yau kusan duk wanda ya sake karantawa sai ya tsaya.

Wai rubutun ba shi da kyau?

Ba shi da ƙarfi, wannan kam. Ana maimaita siffofi har su gundure ka, kyawun Edward kaɗai an kwatanta shi ba adadi. A 2009 Stephen King, shahararren marubucin labaran ban tsoro, ya faɗa a wata hira cewa J.K. Rowling, marubuciyar Harry Potter, ta iya rubutu, Meyer kuwa ba ta iya ba, maganar ta zagaya duniya. Amma littafi mai shafi sama da 500 da yarinya za ta cinye a kwana biyu, akwai abin da mai shi ta iya, ko da ba jimla ba ce.

Wani abu kuma da aka gane daga baya: yawancin ba'ar da aka yi a shekarun 2008 zuwa 2012, an bar jaki ne ana dukan taiki. Ba littafin ake zagi ba, 'yan matan da ke son sa ake yi wa dariya. Finafinan samari marasa ma'ana sun fito a lokacin, ba wanda ya tsane su haka. Da waɗannan 'yan matan suka girma, suka dawo da labarin a Tumblr da TikTok, suna son sa suna kuma yi masa dariya da kansu. Da Midnight Sun ya fito a 2020, wato labarin Twilight daga bakin Edward, ya sayar da kwafi sama da miliyan guda a makon farko.

Fim ɗin ya bi littafin?

Ya bi shi sosai. Ya fito a Nuwamba 2009, Chris Weitz ya ba da umarni, da Kristen Stewart a matsayin Bella, Robert Pattinson a matsayin Edward, Taylor Lautner a matsayin Jacob, ya kuma tara sama da dala miliyan 700. Muryar da Bella ke ji an mayar da ita siffar Edward da ke bayyana kamar hayaƙi, don kada a ɓoye Pattinson tsawon fim. Shafukan nan huɗu sun zama kyamara tana zagaya Bella a kan kujera, yanayi na sauyawa ta taga. An ƙara faɗa a fadar Volturi wanda babu shi a littafi. Ba a Volterra aka ɗauki ɓangaren Italiya ba, a Montepulciano ne. Fim ɗin ya tsaya daidai inda Edward ya nemi aurenta, alhali a littafi Bella ta yi ta zillewa, don auren wuri da iyayenta suka yi bai yi ƙarko ba.

Ya dace in bar 'yata ta karanta?

Babu batsa a New Moon, iyakarsa sumba da runguma. Meyer mabiyar cocin Mormon ce, ba ta sa jarumanta kwanciya kafin aure, maganar kurwa da makomar mai shan jini bayan mutuwa ma ta fito a hirar Bella da Carlisle. Duk da haka jerin littattafan ya shiga sahun waɗanda aka fi kai ƙorafi a kansu a ɗakunan karatu na Amurka a 2009. A gidanmu kuwa abin da zai fi tsaya wa uwa a rai shi ne saurayi na shigowa ɗakin yarinya ta taga ya kwana uban bai sani ba, da yawan ƙaryar da Bella ke yi wa Charlie, da maganar neman mutuwa saboda so. In za ta karanta, ki karanta tare da ita, ki tambaye ta ra'ayinta kan Charlie. Amsar za ta gaya miki abubuwa da yawa.

Zan iya farawa daga nan, ko in tsallake shi zuwa na uku?

Farawa daga nan ba zai yi ba, domin in ba ka ga abin da Bella ta samu ba, ba za ka gane abin da ta rasa ba, za ka ga yarinya ce kawai mai yawan kuka. Tsallakewa ma ba zai yi ba. Kyarketai, Volturi, farautar da wata mai shan jini, Victoria, ke yi wa Bella don ramuwar kashe masoyinta James a littafin farko, ƙuri'ar da iyalin Cullen suka kaɗa kan mayar da ita irinsu inda Edward da 'yar'uwarsa Rosalie kaɗai suka ce a'a, da tunin da Jacob ya yi cewa duk ranar da wani Cullen ya ciji mutum yarjejeniya ta warware, duka a nan aka shuka su, Eclipse da Breaking Dawn girbi kawai suka yi.

In gardamar New Moon ta ba ka mamaki, jira ka kai na huɗun. Breaking Dawn ya sayar da kwafi miliyan 1.3 a ranar farko a 2008, cikin 'yan kwanaki kuma wasu masoyan da suka bi layi tsakar dare suka fara kiran a mayar wa kantuna da littafin a karɓi kuɗi, saboda cikin Bella, da abin da aka yi da Jacob, da yaƙin da aka tara mayaƙa dominsa aka watse ba a gwabza ba.